Ina Ledar Nan Za Ta Kwana?

Bara waccan, ranar Layya, ina tsaye a kan mahaucin da ke feɗe mana rago. Da ya zo kan kayan ciki, ya tsaga tumbi, sai ya cusa hannu ya jawo wani dunƙule da ya kusa kai girman kan jariri. Leda ce. Baƙa da fara da ta fiya wata, sun nannaɗe da juna, sun yi tauri kamar tsohuwar igiya. Ya wurgar da ita gefe bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Alhaji, ai wannan kullum ne." Ragon nan wata uku na yi ina ba shi dusa da harawa ina mamakin rashin ƙibarsa, ashe da wannan kaya a cikinsa aka sayar mini da shi.

Na tuna da wannan ne kwanakin baya, da 'yar ƙanena, wadda ke aji biyar a sakandare, ta shigo da robar lemo a hannu. An naɗe robar da wata leda mai sheƙi, an zana koren ganye da ɗigon raɓa a kai, ga kuma kibiyoyin nan uku masu bin juna. Ta nuna mini da murna, ta ce, "Baffa, ka ga wannan ba ta ɓata muhalli." Na ji daɗi da yarinya ta damu da abin da yawancin manya ba su damu da shi ba. Na kuma ji zafi, domin na san da irin wannan kyakkyawar zuciyar tata ake kasuwanci. Saboda ita da ire-irenta nake wannan rubutu, ku ƙannena da 'ya'yana da kuka tashi kuka tarar komai a ƙunshe yake cikin leda, tun daga sukarin naira hamsin har zuwa koko mai zafi.

Bari mu fara da kibiyoyin. A shekarar 1970 wani kamfanin kwali a Amurka, Container Corporation of America, ya sa gasar zane. Wani ɗalibin jami'a ɗan shekara 23 mai suna Gary Anderson ya ci gasar da wannan zanen kibiyoyi uku, don a riƙa sa shi a kayan takarda da aka sake sarrafawa. Alamar ba ta zama mallakar kowa ba, kowa yana iya buga ta. A 1988 ƙungiyar masu masana'antar roba ta Amurka ta fito da lambobi daga 1 zuwa 7 don bambance nau'in roba, ta kuma sa kowace lamba a tsakiyar kibiyoyi masu kama da waɗancan. Ku juya gindin robar ruwa za ku ga 1. Jarkar mai mai kauri galibi 2 ce, ledar fiya wata 4, farin mazubin abincin nan mai kama da soso 6, lamba 7 kuwa tarkacen duk abin da bai shiga sauran ba. Lambar sunan robar kawai take faɗa, ba ta cewa za a sake sarrafa ta, kamar yadda ɗinkin bakin buhu ba ya gaya maka ko hatsin ciki zai tsiro. Amma ido yana ganin kibiyoyi sai zuciya ta kwanta, mutum ya ɗauka wani wuri akwai wanda ke jiran robar ya mayar da ita sabuwa.

A 2017 wasu masu bincike uku a Amurka, Roland Geyer da Jenna Jambeck da Kara Law, suka lissafa duk robar da ɗan Adam ya ƙera tun daga farkon shekarun 1950 har zuwa 2015. Ta kai tan biliyan 8.3. A cikin wadda ta riga ta zama shara, kashi 9 cikin ɗari kaɗai aka sake sarrafawa. An ƙone kashi 12. Sauran kashi 79 suna nan a juji, a kwata, a gona, a teku, da cikin tumbin dabbobi irin ragona. Ko ƙasashen da muke gani suna da kwandon shara kala-kala, da yawansu lodin sharar robarsu suke yi a jirgin ruwa su kai ƙasar Sin, har sai da Sin ta rufe ƙofa a farkon 2018, sannan asiri ya tonu cewa abin da ake kira sake sarrafawa, a lokuta da dama, kai shara nesa da ido ne.

Don haka in kun ga an rubuta cewa ana iya sake sarrafa abu, ku tsaya a kan kalmar "iya". Kusan komai ana iya sake sarrafa shi in akwai inji, da kuɗi, da mai saye. Tambayar ita ce, a garinku wa ke yi? Mu kuwa muna da alƙalin da ba ya karɓar cin hanci a wannan shari'a, wato ɗan jari-bola. Ku tsaya wata rana ku kalli yaron nan mai buhu a kafaɗa da ɗan ƙarfe a hannu yana tonon juji. Gwangwanin alminiyam ba ya wuce shi, don narkar da tsohon alminiyam yana cin kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai na wutar da ake buƙata wajen yin sabo, saboda haka kullum da mai saye. Yana ɗaukar ƙarfe, da fasasshen bokiti, da robar ruwa mai haske. A wasu wuraren har ledar fiya wata ana tarawa a buhu a auna. Amma ledar biskit, da ta taliyar yara, da 'yar ledar omo da ta madarar gari, mai sheƙin azurfa a ciki, tsallake su yake yi. Dalili kuwa, ba abu ɗaya ba ne. Roba ce iri biyu ko uku aka manne da siririn alminiyam, raba su ya fi ƙarfin abin da za a samu. Duk abin da yaron nan ya tsallake, ko da kibiya goma aka zana masa, a garinku shara ce har abada. Wannan yaro da muke kora daga ƙofar gida, muna kiransa ɓarawo tun bai taɓa komai ba, ya fi duk wani tambari sanin gaskiyar lamarin, kuma aikin da kamfanoni ke alfahari da shi a jikin kwali, shi yake yin sa da hannu babu safa.

Akwai wata kalmar da ta fi wannan daɗin ji, ita ce a ce leda tana ruɓewa da kanta. A Jami'ar Plymouth ta Ingila, Imogen Napper da Richard Thompson sun ɗauki ledoji iri-iri, har da masu wannan iƙirari, suka binne wasu a ƙasa, suka nutsar da wasu a ruwan teku, suka bar wasu a sarari. Bayan shekara uku suka tono, suka fitar da sakamako a 2019. Ledar da aka rubuta mata tana ruɓewa ta fito da ƙarfinta, har aka zuba mata kayan cefane ta ɗauka ba ta yage ba. Wata irin kuma ana zuba mata sinadari ne don rana da iska su farfasa ta. Tana ɓacewa daga ido, amma ba ta koma ƙasa ba, ta zama ɓurɓushi ne ƙanana da ke shiga ruwa da cikin kifi da ƙasar noma. Ledar da take gaba ɗaya ko tsintsiya ta kama ta, ɓurɓushin nan wa zai tsince shi? Tarayyar Turai ta haramta wannan nau'in tun daga Yulin 2021. Sai kuma wadda ake yi da sitacin masara ko rake, ake cewa tana zama taki. Da yawa daga cikinta sai an kai ta masana'antar taki, inda zafi ke kusan maki 60 na tsawon makonni, kafin ta narke. A bayan gidanku ba za ta samu wannan ba.

Takarda ma ba ta tsira ba. Kofin takardar da ake zuba shayi, in da takarda ce zalla da ya jiƙe kafin a kai baki. Akwai siririyar roba shafe a cikinsa. Kwalin madara da na lemo kuwa hawa-hawa ne, takarda da roba da alminiyam. A 2011 hukumar kula da muhalli ta Ingila ta auna hayaƙin da ke ɗumama duniya wanda ake fitarwa wajen yin kowace irin jaka, ta gano cewa sai an yi amfani da jakar takarda sau 3, ta auduga kuma sau 131, kafin su rama abin da aka kashe wajen yin su in aka kwatanta da leda guda da aka yi amfani da ita sau ɗaya. Ba na kawo wannan don in wanke leda ba. Wancan lissafin bai ƙirga akuyar da ta mutu ba, bai ƙirga kwatar da ta toshe ruwa ya shiga ɗakin mutane a watan Agusta ba. Na kawo shi ne don ku ga cewa babu wani abin ƙunshi da aka haife shi da tsarki. Jakar da kuka riƙe shekara biyar kuna zuwa kasuwa da ita, ita ce mai kyau, ko da me aka yi ta.

Wannan dabara ta shafa wa kaya koren launi tana da suna a Turanci tun 1986, lokacin da wani Ba'amurke mai rajin kare muhalli, Jay Westerveld, ya rubuta labarin wani otal a tsibirin Fiji da ke roƙon baƙi su maimaita amfani da tawul don a ceci teku, alhali otal ɗin yana ta faɗaɗa gine-ginensa a bakin tekun. Kuɗin wanki ake ragewa, aka sa wa abin rigar tausayi. Amma dabarar ta girmi sunan. A 1953 kamfanonin gwangwani da kwalba da na abin sha a Amurka suka kafa wata ƙungiya mai suna Keep America Beautiful. A 1971 ƙungiyar ta fitar da wata talla da ta shahara ƙwarai: wani mutum cikin shigar 'yan asalin ƙasar, jajayen Indiyawa, yana tuƙa kwalekwale cikin ruwa mai datti, wani ya wurgo shara daga mota ta faɗi a ƙafarsa, hawaye ya gangaro masa. Daga baya aka gane ɗan wasan ma iyayensa 'yan Italiya ne. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne saƙon tallar. Ta ɗora laifin shara kacokan a kan mai wurgarwa, ta kawar da ido daga masu ƙera biliyoyin mazuban da tun farko an yi su ne don a wurgar. Ku fahimce ni, wurgar da shara a titi mummunar ɗabi'a ce, kuma ina hana 'ya'yana. Sai dai wanda ya ƙera abin da ba shi da makwanci, ya ci ribarsa, shi ma yana da kaso a laifin, kuma kasonsa ya fi na yaron da ya sha ya yar.

Abin ya yi yawan da hukumomi suka fara ƙirgawa. A 2020 Hukumar Tarayyar Turai ta binciki irin waɗannan iƙirari a kan kayayyaki, ta samu fiye da rabi, kashi 53 cikin ɗari, ko dai maganar ba ta da kai, ko tana ɓatarwa, ko ba ta da tushe. A 2022 kamfanin Keurig ya biya tarar dalar Kanada miliyan 3 saboda ya gaya wa masu saye cewa ana sake sarrafa 'yan kofunan robar gahawarsa, alhali a yawancin lardunan ƙasar masu sake sarrafa shara ba sa karɓar su. A 2024 Tarayyar Turai ta yi dokar da ta hana rubuta kalmomi irin su "mai ƙaunar muhalli" haka kawai ba tare da hujja ba, aka tsara ta fara aiki a Satumban 2026. Mu ba mu buƙatar Turai ta koya mana sunan wannan abu. Algus ne. Tun muna makarantar allo aka ba mu labarin yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci a tsibi, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi, ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma nesanta kansa daga mai ha'inci. Busasshe a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa. Koren ganye a waje, robar da za ta fi jikokinku daɗewa a ciki.

To mene ne ɗorewar da ake ta rubutawa a jikin kaya? Kalmar ba a ɗakin talla aka haife ta ba. A yankin Saxony na Jamus, haƙar azurfa ta cinye dazuka, domin da itace ake tokare ramuka, da gawayi ake narkar da ƙarfe. Wani babban jami'in ma'adinai, Hans Carl von Carlowitz, ya ga in daji ya ƙare haƙar ma ta ƙare, sai ya wallafa littafi a 1713 yana kira da kada a sare itace fiye da abin da daji zai iya mayarwa. A 1987 wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland, firayim ministar Norway a lokacin, ya faɗaɗa ma'anar: mutanen yau su biya buƙatunsu ba tare da sun toshe wa na gobe hanyar biyan nasu ba. Kakarku da ba ta taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba ta san wannan. Duk tsananin yunwar bazara, akwai damin da ba a taɓawa a rumbu, shi ne iri. Ɗan kasuwa kuma ya san ranar da ya fara cin uwar kuɗi, ranar ya fara rufe shago, ko da shagon cike yake da mutane.

In kuna son ganin ɗorewa da idonku, ku je karkarar Maraɗi da Damagaram. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 ƙasar ta yi fayau, iska tana binne shuka da rairayi. Sai manoma suka canza yadda suke sassabe. Maimakon su tumɓuke duk kututturen da ya yi toho, sai su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗa wannan tun farkon shekarun 1980, amma hannun manoma ne ya yi aikin. An ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Da yawansu gawo ne, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya ba ƙasa taki, sannan da rani ya yi ganye ya ba dabbobi 'ya'ya. Ba wanda ya manna wa gawon nan tambari. Mai gona ya san abin ya ɗore don ɗansa ya gaji gonar tana ba da abin da ta fi ba uban.

Da wannan ma'aunin nake so ku auna abin ƙunshi: daga ina aka ɗebo shi, sau nawa zai yi aiki, kuma ina zai kwana in an gama da shi? Lokacin da muke yara, in aka aike ka sayen lemo, da kwalba kake tafiya, ko ka bar kuɗin jingina. Motar kamfani ta zo ta kwashe, a wanke, a sake cikawa, kwalba ɗaya ta yi ta zagaye har gefenta ya goge ya yi fari. Mai fura da ƙwaryarta take zuwa. Goro a huhun ganye yake tahowa tun daga kurmi. Mai aikenka sayen ƙosai da kwano take haɗa ka. Ban ce a koma jiya gaba ɗaya ba, don zan yi muku ƙarya in na ce leda ba ta yi mana rana ba. A unguwar da famfo ya shekara bai kawo ruwa ba, fiya wata ta raba mutane da yawa da ruwan da zai kwantar da su, kuma uwar da ba ta da kuɗin gwangwanin madara, 'yar ƙaramar leda ce ke ba ta damar saya wa ɗanta. Ba a yi wa talaka wa'azin muhalli a kan ƙishirwarsa. Amma tsakanin ledar da babu makawa da ledar da aka saba kawai akwai tazara mai yawa. Mai shago ya sa maka ashana ɗaya a leda, ya sa ledar a wata ledar, kai kuma ka karɓa ba ka ce komai ba. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi a 2017, jihar Legas ta haramta farin mazubin abincin nan a Janairun 2024, kuma mutane ba su daina zuwa kasuwa ba. Tuwo mai zafi da koko da ake juyewa cikin leda, wannan ko don lafiyar cikinku ku ɗauki kwano.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, don na san ba masu saye kaɗai za ku tsaya ba. Da yawanku kun riga kun fara sana'a: yajin daddawa, zoɓo, kunun aya, cincin, man shafawa, turaren wuta, kuna tallatawa a WhatsApp da Instagram. Ranar da za ku je wurin mai buga takardar manni, zai buɗe muku kwamfuta ya nuna muku koren ganye da kibiyoyi uku, ya ce a sa don kayan su yi kyau, kowa ma haka yake yi. A wannan lokacin ne nasihar nan za ta yi aiki ko ta tashi a banza. Kada ku rubuta abin da ba za ku iya tsayawa a gaban mai saye ku kare ba. In robar zoɓonku tsohuwa ce da kuka wanke, ku tabbata kun wanke ta da gaske, ku faɗi hakan. In kuna karɓar kwalbar turare a dawo muku da ita ku rage wa mutum naira ɗari, ku rubuta wannan, magana ce ƙarama da kowa zai iya gwadawa ya gani. Magana mai adadi da wuri, irin "rabin wannan robar daga tsohuwa aka yi" ko "dawo da kwalba shagonmu", ana iya kama mai ita in ya yi ƙarya, shi ya sa maƙaryaci ba ya son ta. Ya fi son kalma mai faɗi da ba ta da bakin kamawa. Fankan-fankan ba shi ne kilishi ba, kuma mai saye da ya gane an yaudare shi sau ɗaya ba ya dawowa, ba ya kuma yin shiru.

Ita kuwa 'yar ƙanena, ban yi mata dogon bayani a ranar ba. Na ce ta shanye lemonta ta adana robar. Da yamma muka ji muryar ɗan jari-bola a layi, na ce ta kai masa. Ya karɓa ya juya ta a hannu, ya matsa ta ya ji taurinta, sannan ya sa farce ya yage ledar da aka naɗe ta da ita, ya jefa robar a buhu. Ta tambaye shi, "Malam, wannan fa?" Ya ce masu awo ba sa karɓa da ita, sai an cire. Ya saɓa buhunsa ya yi gaba. Ta sunkuya ta ɗauki ledar daga ƙasa, da koren ganyenta da ɗigon raɓarta, ta shigo gida tana riƙe da ita, ta ce, "Baffa, to ina zan kai ta?"